Yadda Ake Saro Kayan Sana'ar Hannu a Ƙasashen Waje Don Shagon Intanet

Sayen kaya a kasuwar Marrakesh ko babbar kasuwar Istanbul ba abu ne mai wuya ba. Fitilun tagulla, dardumai, kwanonin tangaran masu zane, jakunkunan fata, duk suna nan a baje, mai shago kuma a shirye yake ya sallama. Wahalar tana zuwa ne bayan watanni, lokacin da hajar ta ƙare a shagonka na intanet, masu saye suna ta tambayar yaushe za a kawo wata, kai kuwa ba ka san wanda ya yi kayan ba, ba ka da lambarsa, ba ka ma san ainihin nawa kowane ɗaya ya tsaya maka ba. A ganina, tafiyar sari ta yi amfani ne kawai idan ka dawo da abin da zai ba ka damar yin oda ta biyu kana zaune a gida. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Mataki na ɗaya: aikin da ake gamawa kafin sayen tikiti

Ka tsayar da nau'in kaya ɗaya ko biyu. Wanda ya tafi da niyyar "duk abin da ya burge ni" zai dawo da tarkace kala ashirin, kowanne guda uku, ba wanda zai iya gina shago a kansu. Ka dubi abin da masu sayenka suke nema, ka kuma rubuta farashin da za su iya biya ba tare da sun ja da baya ba. Daga wannan farashin za ka lissafo baya, ka san iyakar abin da za ka iya saye a can.

Daga nan ka binciki inda ake yin kayan, domin galibi ba a nan ake sayar wa baƙi ba. A Maroko, jima da aikin fata sun yi suna a Fas, tangaran a Safi, dardumai masu kaurin gashi na Beni Ourain kuma daga duwatsun Atlas na tsakiya suke fitowa. A Indiya, zanen da ake bugawa da hatimin katako aikin Bagru da Sanganer ne, kusa da Jaipur, tagulla kuwa Moradabad. A Turkiyya akwai Kutahya wajen tangaran. A jihar Oaxaca ta Meziko, masaƙan Teotitlan del Valle ne ke yin dardumar ulu, mutanen San Bartolo Coyotepec kuma baƙar tukunya. A Bali maƙeran azurfa suna Celuk, a Biyetnam ƙauyen Bat Trang da ke gefen Hanoi ya daɗe yana gina tangaran. Babban birni wurin ganin samfuri ne. Masu aikin suna can nesa kaɗan, tafiyar awa ɗaya ko yini guda.

Idan lokacinka kaɗan ne, ka daidaita tafiyar da baje kolin 'yan sari. Ana yin na kayan hannun Indiya sau biyu a shekara a Greater Noida kusa da Delhi, akwai Inacraft a Jakarta, da Ambiente a Frankfurt, da Maison et Objet a Paris a watannin Janairu da Satumba. Masu baje kaya a irin waɗannan wurare sun saba da fitar da kaya waje, suna da takardu, amma mafi ƙarancin odar da suke karɓa kan yi wa ƙaramin shago yawa.

Ka duba kalanda. Lokacin Diwali a Indiya, da sabuwar shekarar Tet a Biyetnam, da azumin Ramadan a ƙasashen Musulmi, aiki yana raguwa ko ya tsaya. Damina ma tana jinkirta duk aikin da ke buƙatar shanya a rana, kamar rini da tukwane. Batun biza kuma kada ka yi masa riƙon sakainar kashi: ƙasashe da dama, ciki har da Indiya, sun raba bizar yawon buɗe ido da ta kasuwanci, saboda haka ka nemi wadda ta dace da abin da za ka je yi.

Mataki na biyu: kwanakin farko na kallo ne

Kwana biyu na farko kada ka sayi komai. Ka zaga, ka taɓa, ka tambayi farashi a shaguna da yawa, ka rubuta. A Maroko akwai cibiyoyin sana'a na gwamnati da ake kira Ensemble Artisanal, inda farashi a rubuce yake, kuma suna da amfani wajen sanin ma'auni kafin ka shiga ciniki a kasuwa. Idan ka ga abu iri ɗaya sak a shago goma, launi ɗaya, girma ɗaya, babu ko ɗan bambanci, to ko dai daga masana'anta yake, ko kuma masu sayarwa ɗari a intanet sun riga ka.

Tambayar da za ka riƙa yi ita ce, a ina aka yi wannan, kuma zan iya ganin wurin? Mai shago na iya ƙi, kuma yana da gaskiyarsa, ba zai so ka tsallake shi ba. Amma ƙungiyoyin gama-kai na masu sana'a, da ofisoshin raya sana'ar hannu, da masu sayar da zare da rini da fata ga masu aikin, duk suna iya nuna maka hanya. Ka lura da ɗan rakiya ko direban da ya nace sai ya kai ka "wurin ɗan'uwansa". Yawanci yana da la'ada, kuma a cikin farashinka za a saka ta.

Ba kowane dillali ne abin gudu ba. Wanda ke jin yaren masu aikin, yake tattara kaya daga gidaje goma, ya duba su, ya haɗa takardun fita, yana yin aikin da ba za ka iya yi daga nesa ba. Abin da kake buƙata shi ne ka san nawa yake ɗauka, kuma nawa ke isa hannun mai yin kayan.

Mataki na uku: rarrabe aikin hannu da na inji

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin sunan shagonka a kansa ya dogara. Ranar da wani mai saye ya gano cewa abin da ka kira saƙar hannu na inji ne, sharhi ɗaya ya isa ya ɓata maka aikin shekara.

Darduma, ka juya bayanta. A wadda aka ƙulla da hannu, zanen yana fitowa a baya kamar yadda yake a gaba, ƙulle-ƙullen ba su daidaita sak ba, gezar bakinta kuma ci gaban zaren tsaye ne na jikin saƙar. Idan an ɗinka gezar daga baya, ko an lulluɓe bayan da ƙyalle da gam, wani aikin ne daban. In an ce maka siliki ce, ka nemi a zare ɗan zare a ƙona. Siliki na gaske yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murmushewa. Audugar da aka sa wa sheƙi tana warin ƙonanniyar takarda.

Zanen batik na Indonesiya, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado a 2009, iri-iri ne. Akwai wanda ake zanawa da kakin zuma da hannu, akwai wanda ake bugawa da hatimin tagulla, akwai kuma yadin inji da aka kwaikwayi zanen kawai. A na gaske rini yana ratsa gaba da baya kusan daidai, na inji kuwa bayansa a kodde yake. Zanen hatimin katako na Jaipur ma haka: ka bi layin zanen da ido, za ka ga inda hatimi ya ɗan hau kan na baya ko ya ɗan kauce. Wannan 'yar karkatar ita ce shaidar hannu.

Azurfa ta ƙwarai ana buga mata lamba 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce zalla. Amma buga lamba ba wuya, don haka ka riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu. Azurfa ba ta manne masa. Wannan gwajin yana fallasa ƙarfe ne kawai, ba ya fallasa tagullar da aka shafa wa ruwan azurfa, saboda haka babbar oda tana buƙatar gwajin maƙerin da ba shi da hannu a cinikin. Fata ka shinshina ta. Idan jimar ba ta kammala ba, warin ba ya fita, kuma yana ƙaruwa bayan makonni a cikin kwali. Ka goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a jikin duk abin da aka rina, ka ga ko yana zuba.

Tangaran da za a ci abinci a ciki yana da nasa hatsarin. A wurare da dama har yanzu ana amfani da dalma wajen haɗa sheƙin da ake shafa wa tukwane, kuma tana narkewa cikin abinci mai tsami. Dalma guba ce, musamman ga yara. Ko dai a gwada samfurin a ɗakin gwaji, ko ka sayar da shi a matsayin kayan ado ka kuma rubuta hakan ƙarara. Wannan ba wurin yin kara ba ne.

Mataki na huɗu: abin da doka ta hana fitarwa

Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 ta fara aiki a 1975, ita ce ke tsara cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa. An haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989. Ƙoƙon bayan kunkurun teku ma haramun ne, fatar kada da ta mesa da wasu nau'o'in murjani kuma sai da takardar izini. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne katako: tun Janairun 2017 dangin itacen Dalbergia suka shiga jerin, ciki har da wanda Indiyawa ke kira shisham, da ake sassaƙa akwatuna da kujeru da shi. Ka tambayi sunan itacen, ka sa a rubuta shi a rasit, ka kuma bincika ko kayanka na buƙatar takarda.

Tsofaffin kaya ma haka. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta shafi safarar kayan tarihi, ƙasashe kuma suna da nasu dokokin. Dokar Indiya ta 1972 ta hana 'yan kasuwa fitar da kayan tarihin da suka kai shekara 100, ta Turkiyya ta 1983 kuwa tana iya kai mutum kurkuku. Idan mai shago ya ce maka abin "tsoho ne na kakanni", ko dai ƙarya yake yi, ko kuma yana sayar maka da abin da za a ƙwace a filin jirgi. Ka tsaya kan sabon aiki.

Mataki na biyar: ciniki, samfuri da rubutacciyar magana

Ciniki da mai shagon baƙi daban, ciniki da mai sana'a daban. Na farko ya ɗora riba mai yawa yana jiran ka taya. Na biyu sau da yawa farashinsa bai wuce kuɗin kayan aiki da ɗan ladan kwanakinsa ba. Ka tambayi masaƙiya kwana nawa darduma ɗaya ke ɗaukarta, ka raba kuɗin da take nema da kwanakin, ka ga abin da ya rage mata. Idan ka matse ta har ta sallama a ƙasa da haka, to a oda ta gaba za ta rage zare, ko ta gaggauta aikin, ko ta daina ɗaukar wayarka. Araha ba ta ado. Ragin da ya dace ka nema shi ne na yawa da na dawowa, ba na matsi ba.

Odar farko ta zama ƙarama. Kafin ta, a yi samfuri guda biyu iri ɗaya, ka sa hannu da kwanan wata a jikin kowanne, ɗaya ya zauna wurin mai aikin, ɗaya ka tafi da shi. Duk gardamar da za ta taso nan gaba kan launi ko girma, waɗannan biyun ne alƙalai. Kowane kaya ka ba shi lamba, ka ɗauki hotonsa da tef ɗin awo a gefe, ka rubuta tsawo da faɗi da nauyi da kayan da aka yi shi da su. Kalmar "shuɗi" a waya tana iya zama launi biyar, lamba kuwa ɗaya ce.

Ku rubuta abin da kuka amince a kai, ko da a shafi ɗaya ne, cikin yaren da mai aikin yake karantawa: adadi, farashi da irin kuɗin da za a biya, ranar gamawa, gwargwadon bambancin da za ka karɓa tunda aikin hannu ne, wanda zai ɗauki asarar abin da ya lalace, da wanda zai yi ɗauri. Kafin alƙalami wajibi ne, domin yawancin masu sana'a ba su da jarin sayen kayan aiki. Kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari shi ne abin da aka saba, sauran kuma bayan ka ga hotuna ko wakilinka ya duba. Ka gwada hanyar biyan kuɗi tun kana garin, ka tura ɗan kaɗan ta banki ka tabbatar ya shiga. Idan tsabar kuɗi ka ɗauko, ka sani cewa shiga ko fita Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye sai an bayyana wa kwastam, haka ma abin da ya haura dala 10,000 a Amurka.

Wani abu kuma da nake ganin ana wasa da shi: kada ka ɗauki zanen wani ka kai wa mai araha ya kwaikwaya. Banda rashin kyautawa, wasu ƙasashe sun fara hukunta hakan. Meziko ta kafa doka a 2022 da ke kare zane-zanen al'ummominta na asali daga amfani ba da izininsu ba.

Mataki na shida: nawa kayan ya tsaya maka

Farashin da ka biya a can ɓangare ne kawai. Mu ɗauki misali: kwando ka saya dala 10. Ɗauri da kwali dala 1, jigila dala 6, kuɗin fito da haraji dala 3, rabonsa na ladan wakilin kwastam dala 1, abin da ka ware don fashewa da lalacewa dala 1, rabonsa na kuɗin tafiyarka dala 3. Ya zama dala 25 kafin ka biya kamashon dandalin da kake sayarwa, da talla, da aikawa ga mai saye, da kayan da za a dawo maka da su. Wanda ya sa masa dala 20 yana murnar ya ninka kuɗinsa, asara yake yi.

Kuɗin fito ya dogara ne da lambar kaya ta tsarin HS, wanda Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels ke kula da shi tun 1988. Lambobi shida na farko ɗaya ne a kusan duk ƙasashe. Jakunkunan fata suna babi na 42, kwanduna na 46, dardumai na 57, tangaran na 69, kayan ado na azurfa da zinariya na 71. Ka nemo lambar kayanka da kason da ƙasarka ke karɓa tun kafin ka biya kafin alƙalami.

Idan kana sayar wa ƙasashen waje, dokokin can ma sun shafe ka. Tarayyar Turai ta soke yafe harajin VAT (harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya) kan ƙananan saƙonni tun 1 ga Yulin 2021, Amurka kuma ta dakatar da rangwamen da take yi wa saƙonnin da ba su wuce dala 800 ba a ƙarshen Agustan 2025.

Mataki na bakwai: yadda kayan za su iso

Samfura da ƙananan kaya masu tsada kamar azurfa za ka iya tahowa da su a jaka, amma ka bayyana su. Kayan sayarwa ba sa shiga rangwamen matafiyi, kuma jami'in kwastam ya san bambancin tsaraba da haja.

Kamfanonin aika saƙo cikin gaggawa irin DHL da FedEx da UPS suna cajin wanda ya fi yawa tsakanin nauyin gaske da nauyin girma. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 50 da 40 da 30 zai zama kilo 12 a lissafinsu, ko da fitila ce mai kilo uku a ciki. Shi ya sa kwandunan da ke shiga cikin juna da yadin da ke naɗewa suka fi fitilu da manyan tuluna riba. Ka tuna da wannan tun kana zaɓen kaya. Jirgin ruwa ya fi sauƙi idan girman kayan ya kai kubik mita ɗaya ko biyu na cikin kwantena, inda kake raba wuri da wasu, sai dai kuɗaɗen tashar sauka suna iya cinye sauƙin, don haka ka nemi a rubuta maka su tun farko. Idan za a yi amfani da akwatin katako, sai mai hatimin ƙa'idar ISPM 15, wanda ke nuna an gasa katakon ko an yi masa feshin kashe ƙwari.

Ku fayyace inda alhakin mai sayarwa ya ƙare, da kalmomin Incoterms na 2020, wato ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ke raba alhakin jigila tsakanin mai saye da mai sayarwa. EXW na nufin ka ɗauka daga ƙofarsa komai a kanka, FOB ya ɗora a jirgin ruwa, DAP ya kai maka har adireshinka kai ka biya fito, DDP kuwa har fiton shi zai biya. Takardun da ba a rasawa su ne rasit na kasuwanci, da jerin abin da ke cikin kowane kwali, da takardar jigila, wani lokaci da shaidar ƙasar asali. Kada ka yarda a rage farashi a rasit don gudun fito: laifi ne, kuma idan kaya suka ɓace, inshora abin da aka rubuta za ta biya.

Ɗaurin farko ka tsaya a yi shi a gabanka. Tangaran kowanne a naɗe shi kaɗai, kwali cikin kwali, babu abin da ke motsi idan an girgiza. Fata da kwando da yadi su bushe sarai, a sa musu ƙunshin tsotse laima, in ba haka ba fumfuna za ta riga ka buɗe kwalin. Ka ɗauki bidiyon yadda aka yi, shi za a riƙa bi a gaba.

Mataki na takwas: kafin ka bar garin, da bayan ka dawo

Ka ɗauki hotuna da bidiyon aikin, bayan ka nemi izini ka kuma faɗi cewa a shagon intanet za ka sa su. Wasu, musamman mata masu aiki a cikin gida, za su yarda a ɗauki hannuwansu banda fuska, wasu ba za su so a ambaci sunansu ba. Ka bi abin da suka ce. Abin da za ka rubuta a shafin kayan ya zama gaskiya: garin da aka yi, kayan da aka yi da su, yadda ake wankewa, da cewa kowane ɗaya zai ɗan bambanta da hoton. Kada ka rubuta cewa kayanka na "cinikin adalci" ne alhali ba ka da shaidar wata hukuma mai tantancewa.

Ka karɓi lambar waya fiye da ɗaya, har da ta wani a gidan ko ƙungiyar da ke iya karatu da amfani da WhatsApp. Idan da hali, ka samu wanda zai riƙa duba maka kaya kafin a ɗaure, ka biya shi a kan kowace dubawa.

Da kayan sun iso, ka ƙirga, ka gwada da samfurin da ka sa wa hannu, ka tura wa mai aikin hoton duk abin da ya fashe ko ya kauce a cikin makon, tare da labarin waɗanda suka yi kyau. Ka rubuta kwana nawa aka ɗauka daga biyan kafin alƙalami zuwa isowar kwali. Idan wata uku ne, kuma kana sayar da goma a wata, to ranar da hajarka ta sauko talatin ita ce ranar tura oda ta biyu, da lambar kayan, da hoton samfurin, da adadin da kake so.